Nonon da Aka Bar wa Malama

Jaririyar ta sake kawar da kai, madarar ta bi gefen bakinta ta jiƙa zanen goyo. Inna, kakarta, ta girgiza kwalbar ta sake kai mata. Yarinya ta datse baki. Kukan ma ya daina fita sosai, sai wani ɗan sauti kamar na 'yar kyanwa.

"Tun jiya muke fama," in ji Inna. "Ɗan abin da ta sha ta dawo da shi. Dubi maɗigarta."

Maman Tulu ta baro keken ɗinkinta a guje, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. Ƙofarta da ta Malama, uwar jaririyar, suna kallon juna, ɗan siririn lungu ne tsakani. Ta leƙa kan jaririyar, ta ga maɗigar ta lotsa. Nan take nononta ya kawo, ta ji gaban rigarta ya jiƙe. Ta ja mayafi ta rufe da sauri, don kada ta kan gado ta gani.

Malama na kwance, fuskarta wajen bango. Tana da ciki aka gano ƙullu a nononta na hagu. Likita ya ce ba sai an cire nonon duka ba, za a yanke ƙullun da ɗan naman da ke kewaye da shi, a bar sauran. Ranar da ta dawo daga asibiti har rawa ta taka a lungun nan, da bandeji da komai. Aikin kuwa ya yi kyau, ɗan tabo ne kawai kusa da hammata. Ashe ciwon ya riga ya bi jini tun kafin wuƙa ta taɓa shi. Bayan haihuwa aka same shi a hanta, aka ɗora ta a kan magunguna masu ƙarfi, aka ce kada ta kuskura ta shayar.

Maman Tulu ta taɓa yi mata tayin shayar da jaririyar, da yake ɗanta Tulu bai isa yaye ba, nono kuwa har ya yi masa yawa. Malama ta yi mata wani kallo, irin wanda take yi wa 'yan ajinta, ta ce, "Uwarta ba ta mutu ba tukuna." Daga ranar ba a sake tayar da zancen ba. Maganar ta yi wa Maman Tulu zafi, wallahi ta yi, amma ta haɗiye.

Inna ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Babanta ya tafi neman wata madarar, Allah kaɗai ya san yaushe zai dawo. Ɗauke ta ki shiga ɗakinki. Wa zai sani?"

"Inna, 'yar mutane ce."

"Jikata ce. Ni na ce ki ɗauka. So kike in rasa biyu?"

Ta miƙa mata. Yarinyar ba nauyi, kamar ƙunshin yadi. Maman Tulu ta juya, ƙafarta ɗaya ta riga ta taka dokin ƙofa.

"Ina za ki kai ta?"

Malama ta juyo. Idanunta sun yi rawaya, amma tar suke a kan Maman Tulu.

"Kawo mini 'yata."

Maman Tulu ta dawo ta ɗora ta a gefenta. Malama ta soma kokawa da maɓallin riga. Inna ta zabura.

"Ke, kina da hankali? Guba za ki ba ta?"

"Na roƙi likita ya bar mini nonon nan," in ji Malama, numfashi na yanke mata magana. "Har hannunsa na riƙe. Saboda ita. Ga shi nan, an bar mini. To na me?"

Maman Tulu ta durƙusa ta ɗora hannunta a kan na Malama, a kan maɓallin, ba ta ja ba, ba ta kuma saki ba. Tsoro ya cika ta. In matar nan ta nace, ƙwace yarinyar za ta yi daga hannun mai jinya? A durƙuson ne mayafin ya zame. Malama ta ga gaban rigar, jiƙe sharkaf. Ta daɗe tana kallo.

"Kullum haka yake miki in ta yi kuka?"

"Kullum, Malama."

"Kina jin ta daga ɗakinki."

"Ina ji."

Malama ta rufe ido, hawaye suka gangara cikin kunnenta. Hannunta ya saki maɓallin.

"Ba a ɗakinki ba," ta ce. "Nan. Hau gadon, inda zan gani."

Maman Tulu ta cire tef ɗin daga wuya, ta hau, ta jingina da bango. Ta kai wa jaririyar nono, amma yarinya ta galabaita, bakin ya ƙi buɗewa. Ta matsa ɗigo a leɓenta. Shiru. Gumi ya keto mata. Inna na tsaye da kwalba a hannu, bakinta na motsi.

"Kin cika gaggawa, kamar ɗinkinki," in ji Malama. "Sosa mata tafin ƙafa. Kawo, ni zan yi."

Ta miƙo hannu da ƙyar, ta kama 'yar ƙafar, ta shafa da babban yatsa. Yarinyar ta yamutsa fuska, ta buɗe baki za ta yi kuka, Maman Tulu ta yi maza ta sa mata. Ta tsotsa, ta tsaya. Zuciyar Maman Tulu ta tsaya tare da ita. Sai ta kama sosai, har ana jin haɗiyarta.

Inna ta zauna daɓas a kan tabarma.

"Shi ke nan," in ji Malama, murya can ƙasa. "Kin kashe wa Tulu aure. Na so in ci sadakin ƙaton nan."

Tun Malama na da ciki suke wannan wasan, cewa in mace ce an yi wa Tulu mata. Yanzu kuwa nono ya haɗa su, ta zama ƙanwarsa. Maman Tulu ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta cije leɓe don kada jikinta ya girgiza yarinyar.

"Kada ki bari ta ce miki Anti. Ta ce Mama."

"To, Malama."

Rana ta sauko daga taga ta kwanta a kan bargo. A waje mai gyaran takalmi ya wuce yana ƙwanƙwasa akwatinsa. Maman Tulu na kallon kumatun yarinyar suna shiga suna fita, ba ta san lokacin da yatsan ya daina shafawa ba. Inna ce ta lura. Ta taso, ta kara kunne, ta yi salati a hankali, ta shafe idanun 'yarta.

"Sauko mana, 'yar nan," ta ce.

"Bari ta ƙoshi, Inna."

Ta zauna yadda take, bayanta a bango, ƙafar yarinyar na cikin tafin uwarta, har sai da jaririyar ta saki da kanta, ɗigon nono a haɓarta, ta yi barci.