Akwatin Gwajin Kofur

A garejinmu, idan aka ambaci Kofur, kowa da abin da yake faɗa. Mai walda cewa yake yi mutumin ya fi hira da mota a kan ɗan Adam. Direbobi sukan ce ko tari mota ta yi a bakin ƙofa, shi daga kan bencinsa ya san inda ke mata ciwo. Mai fenti kuwa, da yake bakinsa ba ya hutawa, ya sha faɗin cewa ranar da Kofur ya cika sai an haƙa kabari mai ɗaki biyu, ɗaya nasa, ɗaya na akwatinsa. Ni ban cika sa baki ba, domin surukina ne. 'Yarsa ta biyu nake aure, kuma shi ya kawo ni garejin na koyi aikin wayar mota da girmana.

Manyan motocin soja muke gyarawa, tsofaffi waɗanda aka yi gwanjonsu, mutane suka saya suka mai da su na jigilar yashi da dutse da ruwa. Na'urar zamani ba ta san da zamansu ba. Maigidan garejin ya taɓa kawo wata mai allo, aka leƙa ko'ina a jikin mota ba a sami inda za a soka ta ba. Akwatin Kofur kaɗai ke yi: koren ƙarfe ne da fentinsa ya kankare, yana da 'yar taga mai nuna jajayen lambobi, da waya mai kaurin babban yatsa da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Irinsa ya riƙe duk zamansa na soja. Kafin ya auna kowace mota, sai ya murɗa maɓallai ya bar akwatin ya duba kansa tukuna.

A jakar gefe akwai kawunan gwaji guda biyu, 'yan ƙarafa masu zare kamar fulogi, da ake ɗaurawa don a auna ƙarfin mai. Ɗaya na baƙin man inji ne. Ɗayan na inda mai ke bugawa da ƙarfin gaske, kamar famfon da ke ɗaga bayan tifa. A ido kusan ɗaya suke. Da can launi ke raba su, amma ya goge tuntuni, Kofur ta nauyinsu a tafin hannu yake gane su.

Wata Laraba ya tafi asibiti a duba masa gwiwa, sai aka kawo tifa wadda bayanta ya ƙi tashi. Maigida ya ce a jira Kofur.

Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube ni. "Surukin Kofur, shekara nawa kana riƙe masa waya? Ko 'yar kawai aka ba ka, ba a haɗa maka da ilimin ba?"

"Ai bai kai ba," in ji mai fenti. "Sai ya yi shekara goma yana goge murfin."

Na yi dariya tare da su, amma maganar ta tsaya mini a rai. Da rana ta yi tsaka kowa ya tafi cin abinci, na sauko da akwatin daga kan kanta. Na ɗauki kai ɗaya na ɗaura a famfon tifar, na ta da inji, na ja liba. Lambobin suka haura a guje, suka yi rawa, sai na ji wani ɗan ƙas a jikin ƙarfen. Nan take na san na man inji na ɗaura. Na kashe mota, na kwance shi, na goge shi tas da tsumma, na mai da shi aljihunsa. Ko da suka dawo ina zaune ina feɗe waya.

Bayan kwana huɗu direban wata tankar ruwa ya shigo, ya ce kukan injinsa ya sauya. Kofur ya kara kunne a jikin motar ya daɗe, ya ɓata fuska. Ya sa na kawo akwati. Akwatin ya duba kansa, ya ce lafiya lau, domin ba a cikinsa ciwon yake ba. Kofur ya ɗaura kan gwajin nan da na taɓa. Lamba ta nuna mai na gudu da ƙarfinsa. Ya kwance ya sake ɗaurawa, haka dai.

"Kunnena na faɗin wani abu, akwati na faɗin wani," in ji shi. Ya juyo wajena. "Karanta mini, idonka ya fi nawa."

Ina tsaye da waya a hannu. Na karanta masa lambar yadda take.

"To, shi bai taɓa yi mini ƙarya ba," Kofur ya ce wa direban. "Je ka, Allah ya kiyaye hanya."

Washegari da la'asar injin ya buga a kan hawa, tanka cike da ruwa. Da aka buɗe, famfon mai ya mutu tun tuni.

Direban ya zo har tsakiyar gareji yana ɗaga murya. "Na gaya muku! Na ce kukan ya sauya! Tsoho da tsohon gwangwani sun kashe mini mota!" Kofur na tsaye, hannuwa a baya kamar mai jiran umarni. Da yamma Maigida ya ja shi gefe, ya yi masa magana a hankali, amma duk mun ji: ya ɗan huta da aune-aune, akwai ƙananan ayyuka. Daga ranar sai ga Kofur a ƙarshen benci yana wanke notina a cikin kwanon kananzir. Mai fenti ma ya daina tsokanarsa, wannan ya fi komai ci mini rai.

Kullum da safe nakan shirya maganar a bakina. In na iso na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, sai in fasa. In ce gobe.

Mako uku ana haka. Wata safiya matata ta aje mini shayi, ta zauna ba ta zuba nata ba.

"Baba ba lafiya," ta ce.

"Gwiwar ce?"

"Ina ma ita ce. Jiya ya ce wa Inna ta daina barinsa ya fita kasuwa shi kaɗai. Wai hankalinsa ya fara guduwa. Sunayen yaranmu ma ya rubuta a takarda ya sa a aljihu, wai kada ranar ta zo ya ji kunya. Ya ce in ka tashi aiki ka biya."

Shayin ya huce a gabana ban taɓa shi ba.

Da yamma na same shi a tsakar gidansa kan tabarma, akwatin a gabansa an goge shi, an naɗe wayar da kyau. Na cire takalmi na durƙusa daga gefe. Ya ciro kan gwajin ya aje a tafin hannunsa.

"Na gano ciwon," ya ce. "Na gwada shi da wani ma'auni. An ɗaura shi a inda ya fi ƙarfinsa, cikinsa ya saki, shi ya sa yake ƙara lamba. Abin nan ba ya lalacewa da kansa, kuma ba mai taɓa shi sai ni." Ya jujjuya shi a hannu. "Ke nan ni na yi. Na zauna na bi kwanaki ɗaya bayan ɗaya, wallahi ban tuna ba. Ba injin ne ke tsorata ni ba, wannan ne. Mutum ya yi aiki da hannunsa, ya goge, ya aje, kuma babu komai a kansa."

Ya tura akwatin gabana da hannu biyu.

"Ɗauka. Kai mai natsuwa ne, na lura da kai. Za a samo wani kan. Kafin sauran abin da na sani ya zube, in koya maka."

Daga ɗaki ina jin motsin Inna tana jera kwanuka. Na dubi hannuwansa a kan murfin, duk tabon sufana. Na yi gyaran murya.

"Baba, hankalinka lafiyarsa ƙalau. Ba ka manta komai ba. Ranar da ka je asibiti ni na sauko da shi, ni na ɗaura a famfon tifa, na ji lokacin da ya lalace, na goge na mayar. Ranar tanka ma ina sane na karanta maka lambar. Ina kallo aka zage ka, na yi shiru."

Motsin kwanukan ya tsaya. Ban iya ɗaga kai ba, tabarma kawai nake kallo.

"Na cuce ka, Baba. Don Allah ka yafe mini."