Hannun Yaya Gado

Yayana Gado bai taɓa riƙe permi ba, wato lasin tuƙi, amma duk gingimarin da zai shiga kasuwar Gazawa da baya, da hannunsa yake shiga. Tun yana saurayi karen mota ne. Sai ya tsaya gefe ya ɗaga hannu, "Zo, zo, karya dama, tsaya!" ya ɗaka wa bodi duka. Wallahi ko jaki ya gani yana ja da baya da amalanke, sai ya ba shi hannu.

Ɗansa Tijjani taksi yake ja tsakanin Agiye da Gazawa, kamar ni. Bana wani attajirin aya ya ce zai danƙa mishi babbar mota in ya kawo permin manyan motoci kafin a fara kwasar aya. In bai kawo ba, akwai wani yana jira. Yaro ya tashi haiƙan. Shekarunsa sun kai, permin ƙaramar mota na aljihu, likita ya duba ido da jini ya ce lafiya lau, tambayoyin dokar hanya kuma ya cinye su tas. Saura tuƙi, a Maraɗi. Gado ya ce sai ya raka shi.

Na ce, "Yaya, don girman Allah ka zauna gida."

Ya ce, "Nomau, kai ka haife shi ko ni?"

Haka muka tafi tare, amma raina ya ɓaci, don na san abin da nake gudu.

A filin jarrabawa an jera ganguna, an bar 'yar hanya tsakaninsu, da ƙyar mota za ta shige. Mai jarrabawa, wani dogo marar fara'a, ya ce da baya za a shiga. Wanda ya taɓa ganga ya faɗi. Wanda aka ba hannu daga waje, ko ƙifta ido aka yi mishi, shi ma ya faɗi. Madubi kawai.

Wani baƙon saurayi ya fara. Ya kwaso ganga, ƙwaram! Sai ga muryar Gado ta cika fili: "Kai, tsaya!" Innalillahi! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai jarrabawa ya tako har gabanmu. "Baba, wanne ne naka?"

Gado ya nuna Tijjani da haɓa.

"To, hannun nan ya ƙara motsi, shi zan kayar."

Tijjani ya hau. Ya sa giya, mota ta fara ja da baya sannu sannu. Da farko tsaf. Can sai gindinta ya soma zamewa hagu, yana neman ganga. Ni ma da nake direban taksi na gani, balle Gado. Kuma na hango idon yaron cikin madubi, uban yake nema, yadda ya saba tun yana koyo.

Hannun Gado ya fara ɗagowa. Na cafke shi, na ce ƙasa ƙasa, "Yaya, za ka kashe yaron nan!" Ya fizge. Tsoho ne amma ƙarfi gare shi kamar bijimin sa. Na ce shi ke nan, mun kaɗe.

Sai ya juya wa fili baya. Ya taka har jikin katanga, ya dafa ta da tafi biyu, ya kifa goshi. Mutumin da bai taɓa barin mota ta ja da baya ba tare da ya sa ido ba!

Tijjani ya duba bai ga kowa ba. Ya taka birki. Ya koma gaba, ya daidaita kan mota, ya sake tahowa. Ta shige tsakanin gangunan nan sumul, ko ƙura ba ta goga musu ba. Mai jarrabawa ya gyaɗa kai ya ce, "Sauko, direba." Ni Nomau, da gemuna, na yi ihu har hulata ta faɗi. Ɗanmu ne wannan, jama'a!

Na ruga wurin Gado. Har yanzu yana manne da katanga.

"Ya taɓa?"

"Bai taɓa ba, Yaya. Ya ci!"

"Wa ya ba shi hannu?"

"Ba kowa. Shi kaɗai ya gyara."

Ya juyo, hawaye shaɓe-shaɓe a gemu, yana dariya.

"Shi kaɗai," ya ce. "Ka ji ko, Nomau? Yaron nan ba ya bukatata."