Abin da Harafin K Ya Cinye

Lokacin da Dumo ya rubuta manhajarsa, ina koyar da buga rubutu a wata 'yar makarantar sakatarori da ke saman shagon kayan gini a tsakiyar Bulawayo. Dumo ɗan kawuna ne, taubashina. Tare muka tashi a unguwar Mpopoma, kuma bai taɓa kiran sunana ba sai dai ya ce mzala, yadda taubasai ke kiran juna. Gyaran rediyo ya fara koya, ya koma gyaran kwamfuta, daga baya ya shiga rubuta manhaja.

A farkon shekarun casa'in rumbun kwamfuta ɗan mitsitsi ne, kafin ka ankara ya cika. Manhajar Dumo, wadda ya raɗa wa suna QOQA, wato tattara a yarenmu, aikinta ta tattara fayiloli ta matse su, ta zuba a kan faifai. Irin wadda ake rabawa hannu da hannu ce: ka kwafa, ka gwada, in ta yi maka sai ka aika wa mai ita kuɗin rajista.

Wata Asabar ya kawo min ita makaranta, ya zura faifan, ya koma gefe yana washe baki. Allon ya yi baƙi ƙirin, babu komai sai wani ɗan layi da ke ƙiftawa.

Na ce, "To, sai me?"

"Ki ba ta umarni mana."

"Da wane baki? Ko sannu ba ta ce min ba."

"Mzala, kanki kamar kabewa. Ki rubuta sunanta, ki bi shi da harafi. A tattarawa, X warwarewa, K kuma..."

"K ajiyewa ke nan," na tare shi, don kalmar ajiyewa a Turanci da K take farawa.

Ya tuntsire da dariya. "Kisa! Daga kalmar kisa na ɗauko. Tana tattarawa tana goge na asali, don ki samu sarari."

"Kai kaɗai ka san wannan a duk faɗin Zimbabwe."

"Shi ya sa na zo wajenki. Ke za ki rubuta bayanin. Ni ba na iya magana da mutane, da inji kawai nake shiri."

Na karɓa da murna. Makonni na yi ina gwada ta a kan tsofaffin darussan ɗalibaina, a lokacin hutun cin abinci. A nan na gano mugun halinta. In ka ba ta K, ba ta tambayarka ko ka tabbata. In kuma faifan ya cika kafin ta gama, ƙunshin ba zai buɗu ba, na asali kuma sun riga sun tafi. Na nuna wa Dumo, ya sosa ƙeya ya ce zai gyara a fitowa ta gaba, amma kafin nan in rubuta gargaɗi. Na ba gargaɗin shafi guda sukutum, da manyan haruffa. Da na miƙa masa bayanin gaba ɗaya, ya ce zai sa sunana da lambar wayar makarantarmu a ƙasa, domin masu neman taimako. Ranar har gida na je na faɗa wa mahaifiyata cewa sunana ya shiga kwamfuta.

Baba Nleya shi ne shugaban makarantarmu ta firamare lokacin muna yara. Tun kafin ya yi ritaya yake yawo ƙauyukan wajen Plumtree yana zama da tsofaffi, yana rubuta kalmomin harshen Kalanga a kan katuna don haɗa ƙamus, musamman waɗanda matasa suka daina faɗa: sunayen ciyayi, kalolin shanu, kalmomin masu ginin tukwane. 'Yarsa da ke aiki a Francistown ta sayo masa kwamfuta, ni kuma na koya masa bugawa. Da yatsa biyu ya shigar da katunan nan kaf. Bayan ya gama ya kai kwalin katunan gidansa na ƙauye, gara ta gama da su a damina guda. Bai damu ba, ya ce ai komai yana cikin inji.

Da ya koka min cewa rumbunsa ya cika, ban yi wata-wata ba na ce ya nemi QOQA a wajen 'yan ƙungiyar kwamfuta da ke taruwa a ɗakin karatu. Na ce, "Taubashina ne ya rubuta, ni na rubuta bayanin. Baba, ka karanta ka bi daki-daki, ba za ka ɓata ba."

Bayan kamar wata guda, da hantsi ina cikin aji, aka ce ana nemana a waya. Muryar Baba Nleya ce, a hankali kamar kullum.

"MaMlilo, 'yata, in kin samu sarari ki leƙo. Ina jin na yi wani kuskure."

Na tarar da shi a falonsa a unguwar Luveve, sanye da kwat da taye kamar mai jiran baƙi. Ya ce kwanakin baya ya ba QOQA harafin K, ta yi ta aiki, can sai ta rubuta wata lamba ta tsaya. Da ya duba, ƙamus babu. Kunya ta hana shi kirana, sai ya yi ta ƙoƙari shi kaɗai, yana sake zuba manhajoji daga faifai ko za su dawo da shi. Na gane faifan ne ya cika, kuma na san duk abin da ya zuba a kan gurbin ƙamus ɗin ya zauna.

Na ce, "Baba, ba ka ga gargaɗin ba? Shafi guda ne fa."

Ya miƙo min takardar da ya buga daga faifan. Ko rabin shafi ba ta kai ba. A gaban K an rubuta: tana tattarawa ta gyara wuri. A ƙarƙashi kuma: cikakken bayani ga masu rajista kaɗai. Sannan sunana da lambar wayar makarantarmu.

"Na karanta sau da yawa," in ji shi. "Na ce tunda ke kika rubuta, ni ne dai ban fahimta ba."

Na ninke takardar na sa a jaka. Daga can kai tsaye shagon Dumo na wuce. Yana tsugune a kan wata buɗaɗɗiyar kwamfuta, wani mai kanti yana tsaye yana jira.

"A'a, mzala! Wa ya taɓa min ke?"

Na ajiye takardar a gabansa. "Ina sauran?"

Ya kalle ta, ya ci gaba da kwance noti. "In na ba su komai kyauta, wa zai yi rajista? Kowa haka yake yi. Ki duba na Amurka ma."

"Gargaɗin fa, Dumo? Ai da ka cire komai ka bar wannan shafin."

"Rashin wannan shafin ne ya fi sa mutane su rubuto min. Mutum ya ɗan ƙone yatsa, sai ya nemi littafin."

Na faɗa masa abin da ya samu Baba Nleya, wanda ya koyar da Dumo ma a firamare. Na zaci zai tashi mu tafi. Sai ya ce, "Mutum ya yi aikin shekaru bai ajiye kwafi ba? Kuma a farkon allo na rubuta cewa duk abin da ya faru ba ruwana."

Mai kantin nan ya sa baki. "Au, ke ce ta cikin bayanin? Wallahi 'yar'uwa, bayaninki ba ya bayani. Ni ma ta cinye min wasiƙu."

Na juya ina jiran Dumo ya gyara zancen. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ni dai manhaja na rubuta. Bayani sashenta ne."

Duk da haka na roƙe shi ya zo ranar Asabar ya duba injin, don ya fi ni sanin cikinsa. Ya ce zai zo. Matar Baba Nleya ta yanka kaza, ta tuƙa tuwon masara. Muka jira har abincin ya huce. Da la'asar wani direban tasi ya kawo ambulan, a ciki akwai faifai da saƙon baki cewa aiki ya riƙe shi, amma ga fitowar masu rajista kyauta, a ba Baba haƙuri.

Na zura faifan don in ga ko akwai abin ceto a ciki. Babu. Sai na gwada K a kan wani fayil na banza. Nan take allon ya rubuta: wannan zai goge na asali, ka tabbata? Na ƙi amsawa, na duba ranar da aka rubuta fayil ɗin manhajar. Tun kafin in ce wa Baba Nleya ya nemi QOQA, Dumo ya riga ya gyara ta. Gyararriyar yana aika wa waɗanda suka biya, mai cizon kuma ya bar ta tana yawo a gari da sunana a jikinta.

Baba Nleya yana tsaye a bayana, ya karanta tambayar da ke allon da ƙarfi, kalma bayan kalma. Sannan ya ce, "Da ta tambaye ni haka, ai da na ce a'a." Ya cire tabarau ya shige ɗaki.

Wata mata a ƙungiyar kwamfuta ta ara min manhajar tono abin da aka goge. Mun samo gutsattsari: kalmomi babu ma'anarsu, ma'anoni babu kalmominsu, wasu shafuka cike da alamomin shirme. Abin da ya dawo lafiya bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sashen tukwane ya tafi gaba ɗaya.

Na kwafi cikakken bayanina a kan faifai na raba a ƙungiyar, na tsaya gabansu na faɗi abin da ya faru. Dumo ya kai ƙarata wajen kawu cewa na kashe masa kasuwa. Kawu ya zo har gida ya ce da mahaifiyata ta ja min kunne, wai a kan wasan inji ba a tozarta ɗan'uwa a bainar jama'a. Mahaifiyata ta ce ni ma in yi haƙuri. Ban ce na yi ba, ban ce ban yi ba. Shekarar ba ta ƙare ba Dumo ya koma Johannesburg, bai yi min sallama ba.

Da aka yi hutun makaranta na raka Baba Nleya Plumtree a bas, daga can muka hau bayan wata motar ɗaukar kaya zuwa ƙauyen tsohuwar da ta ba shi kalmomin tukwane. Muka tarar an binne ta tun bara. 'Yarta ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo madara mai tsami. Baba ya nuna wata tsohuwar tukunya da ke jingine da rumbu, ya tambaye ta sunan zanen da ke wuyanta.

Matar ta yi dariya ta ce, "Baba, mu dai zane muke ce masa. Mama ce mai sunayen."

Ya fito da sabon kati daga aljihu, ya zana hoton zanen da biro, ya bar wajen sunan babu komai. Sannan ya tambaye ta ko akwai wata tsohuwa a ƙetaren rafi da ta taɓa gini tare da mahaifiyarta. Ta ce akwai guda, amma kunnenta ya yi nauyi. Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, ya ce min mu je kafin rana ta yi zafi.