Hannun Rigar Yahuza

Yahuza maƙaryaci ne, kuma mai taɓa abin da ba nasa ba. Na faɗa, ba zan janye ba.

Shi ne mai kula da kayan ajiya a wani ɗakin bincike na jami'a a Wudil, inda Malama Radiyya take neman digirinta. Aikinta ɓare wani dutse mai sheƙi da salatif, falle bayan falle, har ta sami wanda ido ba ya iya gani don siranta. Tun damina take ɓara, sai bayan girbi ta dace da mai kyau guda. Ta ɗora shi kan ɗan gilashi don ta haska masa siririn hasken nan mai ƙarfi na leza, ta ɗauki hoton abin da suke kira eksiton. Wato haske ya tayar da ƙwayar lantarki daga gurbinta, ita da gurbin su yi ta bin juna, su ɓace tun ba a ƙifta ido ba. Digirinta kaf a kan fallen nan yake.

Tana fita sallar azahar sai ga Yahuza cikin sabuwar shadda, ya jawo surukinsa, Alhaji Isyaku na Indabo.

"Baba, duk na'urorin nan ni nake juya su."

"Madalla. To ina abin da kuke kallon?"

Yahuza ya ɗauko gilashin. Alhaji ya kanne ido ɗaya, ya duba. "Ni dai ƙura nake gani, ɗana."

"Ɗaliban yanzu ba su da tsafta," in ji Yahuza. Ya hura gilashin, ya ɗan tofa masa yawu, ya murje shi da hannun riga.

Radiyya ta dawo, ta leƙa na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, ta saki salati.

"Malam Yahuza, ina fallena?"

"Wane falle? Goge miki na yi. Ko godiya babu?"

"Wallahi ya goge shi tas, 'yata," in ji Alhaji. "Ni shaida ne."

Ba ta yi ihu ba. Shugaban sashe ta kira, ya zo da almakashi. A gaban suruki aka yanke hannun shaddar, aka bincike shi zare-zare ƙarƙashin na'ura. Maiƙon tsire kawai aka samu.

An karɓe mukullan Yahuza, an ba shi kujera da salatif. Ba zai tashi daga ɓarar dutse ba sai ya biya falle. Rani ya shigo, yana nan yana ɓara.