Ranar da Aka Tambayi Kafinta

Shekara hamsin da ɗoriya mutane na kiransa Kafinta, har jikokinsa ma ba su san yana da wani suna ba. Ya ajiye zarto da guduma tun rasuwar matarsa, amma sunan ya ƙi barinsa. Yana da shekara saba'in da tara aka gano ciwon daji a hanjinsa. Aka yi masa aiki, sannan aka ɗora shi a kan wani magani mai ƙarfi da ake ɗura masa ta jijiya duk bayan mako uku.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda har yanzu ake ce wa Auta duk da ta haura arba'in, ita ta ɗauko shi ta kawo shi gidanta, a hawa na uku na wani dogon bene. Ta kwashe kayan guga daga ƙaramin ɗaki ta sa masa gado. Ba ta rage shi da komai ba. Sai dai ƙarfe bakwai take fita aiki, mijinta direban babbar mota ne da kan yi mako biyu a hanya, yaran kuma suna makarantar kwana. Kafin ta fita takan jera masa filas ɗin shayi da kwanuka biyu a rufe da ƙwayoyin magani a kan tebur, ta ce, "Baba, ka ci fa." Daga nan har yamma babu mai motsi a gidan sai firij.

Duk sa'ad da aka ɗura masa maganin, sai ya yi kwana shida a kwance. Bakinsa ya fashe, abinci ya koma kamar yana tauna ƙarfe. Yatsun da a da suke gane katako mai kyau tun kafin ido ya gane, yanzu maɓallin riga ya gagare su. Wata rana da hantsi ƙafarsa ta zame a banɗaki, ya faɗi. Ya yi awa biyu a kan tayil mai sanyi, ya kira Auta sau ɗaya ko da ya san ba ta nan, sannan ya kwanta yana kallon ƙofar banɗakin daga ƙasa. Ya lura wanda ya kafa ta ya karkatar da ita. Da ƙyar ya ja jiki ya kama bakin baho ya miƙe. Da Auta ta dawo ta tambaye shi yadda ya wuni, ya ce lafiya lau.

Babban ɗansa, Injiniya, yana aiki a wata ƙasa mai nisa, kuma duk Lahadi yakan kira. "Baba, ka daure, saura zagaye huɗu na maganin kawai," in ji shi, sannan ya ce a ba Auta wayar. Sai Kafinta ya ji su suna maganar jininsa da hantarsa kamar ana maganar motar da aka kai gareji.

Ranar zagaye na huɗu, nas ta ɗora shi a sikeli, ta dubi takarda, ta sake duban sikelin. Maimakon ɗakin ƙarin ruwa, sai aka tura su wajen wata likita da ke duba tsofaffi. Mace ce mai furfura a goshi. Ta jawo kujerarta ta zagayo tebur, ta zauna daf da shi.

"Baba, kana iya wanka da kanka?"

"Yana yi," in ji Auta.

"Bari Baba ya amsa mini, 'yar'uwa."

Kafinta ya ɗago kai. Wata huɗu yana zuwa asibitin nan, yau ne aka fara tsayawa jiran bakinsa.

"Ina yi," ya ce. "Amma in na gama sai na kwanta."

Ta ce ya naɗe hannuwansa a ƙirji, ya tashi daga kujera ya zauna har sau biyar. Ya yi na farko, ya yi na biyu gwiwoyinsa na rawa, na uku ya tsaya a hanya ya koma daɓas.

"Laifin kujerar ne," ya ce yana haki. "Ta yi ƙasa. Da ni na yi ta, da na ƙara mata yatsa uku."

Likitar ta yi dariya. Sannan ta tambaye shi ko ya taɓa faɗuwa a 'yan watannin nan. Ya dubi Auta, ya dubi takalminsa.

"Sau ɗaya. A banɗaki."

"Baba!" Auta ta dafe ƙirji. "Yaushe? Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"In na gaya miki ki bar aikin ki zauna gadina?"

Likitar ta juyo gare shi ta ce, "Da rana da wa kake hira?"

"Da firij. Shi ma gurnani kawai ya iya."

Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta yi masa bayani dalla-dalla, ba ta ɓoye komai ba. Ya rame da kilo tara. Maganin yana yaƙar ciwon, amma yana cin jikinsa fiye da yadda jikin zai iya ramawa. In an ci gaba, wataƙila ya ƙara wasu watanni, wataƙila kuma a gadon asibiti zai yi su. In an tsaya, ciwon zai ci gaba da tafiyarsa, amma za a kula da zafin, a gyara bakinsa ya ci abinci, a samo mai koya masa motsa ƙafafu.

"Ba zan zaɓa maka ba," ta ce. "Amma ka gaya mini, Baba, me kake so ka iya yi da kwanakinka?"

Ya ji kunyar ƙanƙantar abin da yake so.

"So nake in sauka ƙasa da ƙafata. In zauna a bakin ƙofa inda mutane ke wucewa. A shagona, kafin azahar na gaisa da mutum ɗari. Yanzu wata huɗu ban ce wa kowa sannu ba sai masu allura."

Auta ta juya fuska ga bango tana share ido da bakin mayafi.

Da yamma ta kira Injiniya. Kafinta na daga ɗaki yana jin muryarsa na fitowa ta wayar, yana cewa an ba ta amana ta bar wata likita ta karya wa tsoho zuciya. Ya dafa bango ya fito, ya miƙa hannu.

"Injiniya."

"Na'am Baba. Ka ji, kada ka bari su..."

"Yaushe rabonka da ganina?"

Kafinta bai jira amsa ba.

"To ni ne a cikin jikin nan. Na ce a tsaya. Kada ka ƙara ɗaga wa ƙanwarka murya."

Sai da aka yi mako biyar kafin ya iya sauka ƙasa. Matakala arba'in da biyu ce, ya huta sau huɗu, Auta na gabansa da kujerar roba. Ta ajiye masa ita a gefen ƙofar benen, ta tsaya, ya ce ta tafi kada ta makara.

Titin ba nasa ba ne. Babu wanda ya san shi a nan. Mutane na wucewa da sauri, kowa idonsa a waya. Ya ce wa wani mai jaka sannu, mutumin bai ji ba. Ya ɗaga wa wata mota hannu don ta yi kama da ta wani tsohon abokin cinikinsa, sannan ya tuna mutumin ya rasu. Ya yi awa guda a wurin, mace ɗaya ce mai goyo ta ce, "Sannu Baba," ba ta ko tsaya ba. Maƙwabcin hawa na biyu ne ya taimaka masa ya hau.

"Yaya ƙasan?" Auta ta tambaye shi da ta dawo.

"Akwai rana," ya ce. "Gobe ma zan sauka."

Haka ya yi ta yi wata biyar. Wata rana a gaishe shi, wata rana ya wuni bai buɗe baki ba. Mai kantin magani na tsallaken titi ya saba ɗaga masa hannu, amma bai taɓa tsallakowa ba.

Injiniya ya zo a wata na shida, lokacin ƙafafun Kafinta sun daina ɗaukarsa. Da ya shiga ɗakin ya ga abin da ya rage na mahaifinsa, sai ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a hannu, ya kasa gaisuwa. Washegari da safe, ba tare da an roƙe shi ba, ya durƙusa a gaban gadon ya juya baya.

"Hau, Baba."

Ya goyo shi har ƙasa, ya zaunar da shi, shi kuma ya tsuguna a gefe. Sun rabu da hira shekara da shekaru, yanzu ba wanda ya san ta inda zai kamo ta. Injiniya ya ce motoci sun yi yawa a titin nan. Kafinta ya ce ƙwarai kuwa. Suka zauna haka har rana ta iso ƙafafunsu.

Kwana uku Injiniya ya yi ya koma, aiki na jiransa. Bayan mako uku, wata Talata da Auta ta ɗauki hutu, Kafinta ya sha rabin kofin shayi, ya ce ta buɗe masa taga. Ta buɗe, ta fita wanke kofin. Da ta dawo ta tarar ya cika.