Takwaran Baffa

Habibu na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ya hango ragon. Fari ne ƙato, Baffa da kansa ke jan igiyar, yana amsa barka kamar shi aka yi wa haihuwar.

Baffa yayan mahaifinsa ne, kuma sunansa aka sa masa. Tun yana makarantar allo malaminsu ya gaya masa Habibu na nufin abin ƙauna, ya taho gida da gudu yana murna. Sai da mahaifinsa Audu ya rasu ya ga irin ƙaunar. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, Baffa ya sayar da gonarsu ta Maje ga masu gina wa ma'aikatan Abuja gidajen haya. Inda suke shuka dawa yanzu ɗakuna ne a jere, shi kansa Habibu a ɗaya daga ciki yake haya. Mahaifiyarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan ba. Mutane suka ce alkunya ce. Shi ya san ƙyama ce.

Allah bai ba Baffa haihuwa ba, shi ya sa duk taron da aka yi sai ya dafa kafaɗar Habibu ya ce, "Ko na mutu sunana na nan, ga takwarana." Habibu ya tsani wannan hannun, ya tsani sunan, ya daɗe yana jiran safiyar yau.

Aka zazzauna, aka raba goro. Da liman ya gyara murya, Baffa ya matsa zai raɗa masa sunan jariri, tunda shi ne babba a dangi. Habibu ya sha gabansa.

"Baffa, a koma a zauna. Wannan ba gona ba ce, ɗana ne."

Wani ma'aikaci da ke haya a ɗakin kusa ya sunkuyar da kai.

"Malam Habibu, ranar farin ciki ce fa," in ji liman.

"Shi ya sa na zaɓe ta, Allah gafarta malam. Sunan yaro Abdullahi. Kuma Audu za a kira shi, ba Abba ba, don a riƙa jin sunan mai gonar nan safe da yamma." Ya juya ga tsohon. "Rago kuma a mayar, ina da nawa. Sunan nan da ake taƙama da shi a kaina ya ƙare. Ko jikana ba zai ɗauke shi ba."

Aka shafa fatiha a sanyaye. Habibu kuwa daɗi ya cika shi har wuya, bai ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Baffa ya miƙe da ƙyar, ya kwance ragonsa. Ya yi gaba kaɗan, sai ya waiwayo.

"Allah Ya raya shi. Amma takwara, ran da ka kai shi makaranta, malam ya ce Audu wa, me za ka ce?"

Amsar ta faɗo wa Habibu a rai: Audu Habibu. Daga cikin gida mata suka rangaɗa guɗa.