Tumbin Malam Labo

A shekarar 1988 Lurwanu ya buɗe gidan motsa jiki a Birnin Konni, cikin wani kango na kawunsa a bayan tasha. Ba shi da difilom ko ta rabin shafi, lakwal ma, wato makarantar boko, aji uku ya yi ya tsere. Abin da ya sani a Malbaza ya koye shi, inda ya shekara shida yana lodin buhunan siminti. Sauran kuma a Sakkwato ya tsinto, ranar da ya leƙa wani gida ta taga ya ga ƙarti suna ɗaga ƙarfe suna nishi. Tun daga ranar abin ya shiga ransa bai fita ba.

Kayan aikin da hannunsa ya haɗa su. Ya zuba siminti a gwangwanayen madara da tsofaffin bokitai, ya soka musu ƙarafunan matattun motoci, ya kafa benci biyu ƙarƙashin rumfar kara. Mu mutanen unguwa dariya muka yi ta yi, ni ma da nake maƙwabcinsa na fi kowa. Mutum ya wuni yana ɗaga kaya yana mayarwa inda ya ɗauko, ba a kai su ko'ina ba, ai ko jaki ba zai yarda da wannan ba. Amma samari suka fara zuwa, da ƴan kokawa biyu, har da wasu sojoji.

A mako na uku wani jandarma ya shigo ya nemi takardar izini. Lurwanu ya ce shi bai san sai da izini mutum ke gajiyar da kansa ba. Jandarman ya yi dariya, amma ya ba shi wata huɗu. In ya dawo bai ga takarda da sa hannu ba, zai rufe wurin.

Mai sa hannu a irin wannan takarda shi ne Malam Labo, babban ma'aikaci a buro, wato ofishin gwamnati, mutumin Badaguishiri. Malam Labo yana da tumbin da ake misali da shi a garin nan, har teloli suna fahariya da cewa sun taɓa auna shi. Da Lurwanu ya je wurinsa, ya tambaye shi difilom, babu. Ya tambayi shaidar wani horo, ita ma babu. Da korarsa zai yi, sai dai a makon nan likita ya tsorata shi da maganar hawan jini, ya ce lalle ya rage jiki. Ya kalli damatsan Lurwanu, sannan ya dafa cikinsa.

"Ga difilom ɗinka nan," in ji shi. "In wanga ya sauka, in sa maka hannu. In bai sauka ba, ka koma lodin siminti."

Haka aka fara. Kullum da sassafe, kafin a buɗe buro, sai mu ji nishin Malam Labo ta kan katanga. Makon farko zagi ne ke fita tare da nishin, Lurwanu kuwa yana tsaye da ladabinsa yana cewa ranka ya daɗe saura biyar. In an gama biyar ɗin sai ya ce ya yi kuskuren ƙirga, a sake. A wata na uku sai ga Malam Labo yana tafiya buro a ƙafa, babur yana jingine a gida. Tumbi ya sauka, wuya ya fito, likita ya ce jini ya kwanta.

To, a nan ne abin ya kwaɓe, kuma laifin namu ne. A garin nan ba mu san babban mutum ya rame don ganin dama ba. Wanda ya zube, ko ciwo ne, ko an kore shi daga aiki, ko matarsa ba ta iya girki ba. Ga shi manyan rigunansa duk sun zama kamar na aro. Mutane suka fara tare shi a hanya suna yi masa sannu da murya ƙasa-ƙasa. Yana cewa lafiyarsa lau, suna cewa Allah ya ƙara sauƙi. Kafin mako biyu gidansa ya cika da ƴan dubiya, wannan da fura, wannan da zakara, wani da sassaƙe a ƙulle cikin tsumma.

Wadda abin ya fi ƙona wa rai ita ce matarsa Zalika, wadda miyarta ta yi suna har Tsarnawa. A wurin wani suna ta ji mata biyu suna tausaya wa Malam Labo, wai bawan Allah yana kwana da yunwa a gidansa. Washegari ta yafa mayafi ta zo kangon, ta tsaya a bakin rumfa, sojojin nan suka ajiye ƙarafa suka sulale.

"Shekara goma sha biyar ina gina cikin nan da hannuna," ta ce wa Lurwanu. "Kai ka rushe shi cikin wata ukku, ka bar ni da bakin mata."

Ta ce mijinta ba zai sake tako wurin ba, kuma in ya sa hannu a takardar da ta zubar mata da mutunci, ita da shi ne. Ta ƙara da cewa labari ya riga ya kai Badaguishiri wai ciwo ya ci ƙarfinsa, uwarsa tana hanya.

Malam Labo ya daina zuwa. Lurwanu ya je buro sau biyu, aka ce ya fita. Kwana huɗu suka rage wa'adin jandarma ya cika. Na leƙa na gan shi zaune a kan benci yana shafa bokitin siminti, kuma gaskiya na ji tausayinsa. Ya yi abin da aka ce ya yi, har ya wuce, shi ne zai rasa wurinsa.

Ranar Alhamis da hantsi aka aiko kiransa. Inna Ladi, uwar Malam Labo, ta iso, ta ce kafin ta sha ko ruwa a kawo mata wanda ya tsotse mata ɗa. Lurwanu ya sa takardar a aljihu ya tafi, ni ma na bi shi, don ba a barina a baya a irin wannan. Muka tarar da tsohuwa a kan tabarma a tsakar gida, mata sun kewaye ta, Zalika tana tsaye a ƙofar madafa. Tsohuwa ta fara wanke Lurwanu tas, ta tambaye shi wane boka ya koya masa, ya ce babu. Tana cikin faɗan sai ga Malam Labo, an kira shi daga buro.

Ya tuɓe takalma, ya zo gabanta, ya tsuguna har ƙasa, ya sunkuyar da kai ya gaishe ta.

Tsohuwa ta tsayar da faɗan. Ta zuba masa ido. Sai daga baya muka gane dalili. Tun da cikin nan ya fito, Malam Labo bai sake tsuguna mata ba. A tsaye yake ɗan rusunawa, ko a kawo masa kujera. Ba ta taɓa yi masa magana ba, amma abin yana cinta, kuma a ƙauye an daɗe ana yi mata gori da shi. Ta miƙa hannu ta dafa kansa.

"Labo, shekara goma sha ɗaya rabona da ganin tsakiyar hularka. Ni na ɗauka buro na yas sa ka girman kai."

"Wallahi Inna ba girman kai ba na. In na duƙa ba ni iya tashi."

Ta share ido da gefen zane, ta tambayi yadda aka yi. Ya nuna Lurwanu, ya ce shi ke sa shi tsuguno arba'in kowace safiya, rungume da bokitin siminti. Ta tambaye shi abinci fa. Ya ce yanzu malmala uku yake tashi da ita, har ya nemi ƙari. Tsohuwa ta sa ya maimaita da ƙarfi, ta juya ta kalli matan ɗaya bayan ɗaya, Zalika kuwa ta shige madafa tana gyara ɗaurin ɗankwali.

Sannan tsohuwa ta ce a faɗa mata abin da wannan bawan Allah yake nema. Lurwanu ya zaro takardar daga aljihu. Malam Labo ya ce hatimi yana buro, a bari sai gobe. Tsohuwa ta ce hatimi ya jira gobe, amma hannu ai yana tare da shi.

Aka kawo alƙalamin bik. Malam Labo ya shimfiɗa takardar a kan gwiwarsa ya sa hannu a tsugune, don ba ta ce ya tashi ba, shi ma bai nemi tashin ba.